RA'AYI: Kabarin K.C. Lou Da Darasin Da Ke Cikinsa Ga Masu Riƙe Da Fayil

A garin Cleveland na jihar Mississippi, can kudancin Amurka, akwai wani kabari da aka rubuta sunan K.C. Lou a kan dutsensa. Mutumin Basine ne, ya yi kantin kayan masarufi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Pace, ya kuma rasu a 1946. Ɗansa Charles Chiu an haife shi a ƙasar Sin, ya tashi bai san mahaifinsa ba, kuma ko da ya iso Amurka an riga an binne uban. Ya yi aikin sojan sama, ya yi iyali a California, ya manyanta ba ya son a tayar da zancen. Sai da 'ya'yansa, Baldwin da Edwin, suka ɗauke shi zuwa Mississippi don ya ga kushewar da idonsa. Wannan tafiya ce ta haifi gajeren fim ɗin Finding Cleveland a 2015, sannan dogon fim ɗin Far East Deep South a 2020, wanda Larissa Lam, matar Baldwin, ta shirya.

Mai karatu a Abuja na iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma labarin ya fi shafar ma'aikacin gwamnati fiye da kowa, domin abin da ya raba wannan iyali doka ce, waɗanda suka aiwatar da dokar ma'aikata ne, kuma abin da ya taimaka wa jikoki suka gano kakansu bayan shekaru masu yawa ya haɗa da takardun da waɗancan ma'aikatan suka cike. Dutsen kabari, fayil da fim, kowanne ya riƙe wani yanki na mutumin, babu kuma wanda ya ishi kansa. Al'ummar da ke son a tuna da mutanenta dole ta kula da duka ukun, kuma mafi rauni a cikinsu, wanda aka fi wulaƙantawa, shi ne fayil.

Sai an san dokar kafin a fahimci shirun Charles. A ranar 6 ga Mayu, 1882, Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a kan dokar hana leburorin Sinawa shiga Amurka, dokar da ta kuma haramta wa Sinawan da ke ƙasar zama 'yan ƙasa. Kafin ita, wata doka ta 1875 ta riga ta toshe hanyar shigar yawancin matan Sinawa. A 1892 aka tsawaita haramcin, aka kuma wajabta wa Sinawa mallakar takardar shaidar zama. Ba a soke dokar ba sai a 1943, lokacin da ƙasar Sin ta zama ƙawar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ko a nan ɗin mutum 105 kacal aka yarda su shiga a shekara. Sakamakon haka shi ne dubban gidaje da suka rabu biyu: miji yana tsaye a kanti a Amurka, mata da 'ya'ya suna ƙauye a lardin Guangdong, kuɗi na tafiya ta wasiƙa, shekaru na wucewa. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana iya ɗauka cewa uba ne ya yi watsi da shi, alhali wata takarda ce da aka sa wa hannu a Washington ta shiga tsakaninsu.

Yadda Sinawa suka sami kansu a Mississippi ma wani babi ne na neman arha. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 an kuma 'yanta bayi, masu gandun auduga sun nemi wasu hannayen da za su maye gurbi, suka jawo Sinawa. Waɗannan ba su daɗe a gona ba. Suka buɗe ƙananan kantuna a unguwannin baƙar fata, suna sayar da gari da gishiri da kananzir, suna ba da bashi ga manoman da kantunan farar fata ke wulaƙantawa, iyalinsu na kwana a bayan kanti. Dokokin wariya na jihar sun san launi biyu ne kawai, don haka Basine ya zauna a tsakiya, ba ya nan, ba ya can. A 1924 aka sallami wata yarinya 'yar shekara tara, Martha Lum, daga makarantar farar fata ta garin Rosedale, wanda ke gunduma ɗaya da Pace da Cleveland. Mahaifinta ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1927 kuma alƙalan duka suka goyi bayan jihar. A cikin wannan duniya K.C. Lou ya yi rayuwarsa ya mutu.

Abin da fim ɗin ya nuna shi ne yadda ake tattaro mutum daga wurare daban-daban. Kabarin ya ba da suna da wuri. Gidan adana tarihin Sinawan yankin, wanda ke Jami'ar Delta State a Cleveland, ya fito da Littafi Mai Tsarki da ke ɗauke da sunan mamacin. Dattawan Pace, baƙi da farare, suka tuna kantin da mai kantin. Daga nan iyalin suka nufi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke San Bruno, kusa da San Francisco, inda ake ajiye fayilolin da jami'an shige da fice suka buɗe wa Sinawa a zamanin haramci. Waɗannan fayiloli an buɗe su ne da mugun nufi. Jami'i yakan zaunar da mutum ya yi masa tambayar ƙwaƙwaf: gida nawa ne a layinku, ina rijiyar ƙauye take, wane ne maƙwabcinku, don a kama shi da saɓani a mayar da shi. Amma da yake an rubuta tambaya da amsa, an manna hoto, an sa kwanan wata, an kuma adana, yau su ne mafi cikakken tarihin da iyalai da yawa ke da shi. Tarkon da aka ɗana wa kaka ya zama gadon jika.

A nan ne zancen zanen kaburbura ke shigowa, domin dutsen kabarin Basine a ƙasar baƙunci ba ado ba ne kawai. Bisa al'ada akan rubuta sunan mamaci da gundumarsa da ƙauyensa, wani lokaci kuma a binne shi tare da tubalin da aka rubuta wa waɗannan bayanai. Dalili shi ne yawancinsu ba su ɗauki wannan kabari a matsayin na ƙarshe ba. Bayan wasu shekaru ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya sukan tono ƙasusuwa, su tsabtace, su sa a akwati, su aika ta jirgin ruwa zuwa Hong Kong, inda gidan ajiye gawa na asibitin Tung Wah ke karɓa ya miƙa su ƙauyukansu. A can ne zuriya za su riƙa share kabarin a bikin Qingming, farkon watan Afrilu na kowace shekara. Don haka rubutun da ke kan dutse adireshi ne, kamar wanda ake rubutawa a bayan ambulan. Mutanen da doka ta hana su zama 'yan ƙasa sun kafa nasu tsarin rajista, suka sassaƙa shi a dutse da tubali. Yaƙi da juyin juya halin 1949 suka katse wannan hanya, waɗanda suka rage kuma suka rage har abada.

Abin da ya sami waɗanda suka rage shi ne ke nuna bambancin da hukuma ke yi idan ta kula da idan ta yi sakaci. A maƙabartar Evergreen ta Los Angeles, a gefen da ake binne marasa galihu kyauta aka ware wa Sinawa wuri, su kuma sai sun biya dala 10. A 1888 suka gina wurin ibada mai dandamali da tanderu biyu na ƙona takardun hadaya, ginin da har yau yana nan, ƙungiyar tarihin Sinawa ta kudancin California ce ta saye filinsa a 1992 ta gyara shi. Kaburburan da ke kewaye da shi kuwa an shafe alamunsu, aka manta. Sai a 2005, lokacin da ake faɗaɗa hanya don aikin jirgin ƙasa na cikin gari, ma'aikata suka ci karo da ƙasusuwan mutane sama da 170, tare da tubalan suna da tsabar kuɗi da sauran kayan binnewa. A 2010 aka buɗe bangon tunawa da su. A Portland ta jihar Oregon ma haka: wani sashe na maƙabartar Lone Fir da ake kira Block 14 ya karɓi gawarwakin Sinawa na shekaru da yawa, a 1948 gunduma ta share wurin, daga baya ta yi gini a kai. Da ta so sayar da filin a 2004 ne jama'a suka tashi, bincike ya tabbatar akwai sauran mutane a ƙasa, aka rushe ginin. A littafin maƙabartar, sau da yawa magatakarda bai wahalar da kansa da suna ba, kalmar raini ɗaya da ke nufin Basine yakan rubuta ya wuce.

Wannan magatakarda shi ne ya kamata ya tsaya wa kowane ma'aikaci a rai. Bai kashe kowa ba, bai kori kowa ba. Ganda ce kawai ta hana shi tambayar yadda ake rubuta suna, ko raini ya sa ya ga bai dace ya tambaya ba. Amma saboda wannan layi ɗaya, masu zanen da ke ƙoƙarin gina abin tunawa a yau suna fama da giɓin da babu gwanintar da za ta cike. Mai sassaƙa yana iya yin bango mai kyau, mai fim yana iya sa mutane kuka, amma babu ɗayansu da zai ƙirƙiro sunan da ba a rubuta ba. Iyalin Chiu sun yi sa'a ne domin wani ya sassaƙa suna, wani ya ajiye littafi, wani ya adana fayil. Dubbai ba su yi wannan sa'a ba.

Misalin New Zealand na ƙara haske. A watan Oktoba na 1902 jirgin ruwan Ventnor ya nutse a gaɓar Hokianga ɗauke da ƙasusuwan Sinawa 499, yawancinsu masu haƙar zinare, a kan hanyarsu ta komawa gida. A cikinsu har da na Choie Sew Hoy, attajirin Dunedin da ya jagoranci ƙungiyar da ta shirya jigilar. Ƙasusuwan da igiyar ruwa ta kawo gaɓa, mutanen Maori na yankin ne suka tsinta suka binne tare da nasu, suka riƙe labarin a baki fiye da shekara 100, har zuriyar Sinawan suka zo nema. A 2021 aka buɗe abin tunawa a Opononi ɗauke da sunayen mamatan. Abin lura shi ne mutanen da suka riƙe amanar ba su da dangantaka da mamatan ta jini ko ta addini. Sun ga gawar baƙo, suka yi mata abin da ake yi wa gawa.

Akwai ƙorafi uku da za a iya yi wa wannan ra'ayi, kuma kowanne na da nauyinsa. Na farko na addini ne. Yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma koyarwar da suka tashi a kai ba ta ƙarfafa gini ko ƙawa a kan kabari. A maƙabartun Arewa tudun ƙasa ne da 'yar alama, sarki da talaka kusan ɗaya. Babu mai cewa a sauya wannan. Abin da ake koyo daga Sinawa shi ne manufar da ke bayan dutsen, wato kada mutum ya ɓace. Wannan manufa rajistar maƙabarta mai kyau na iya cika ta, da taswirar da ke nuna layi da lamba, da katangar da za ta hana masu cin fili shiga, da takardar mallaka da ba za ta ɓata a ofishin filaye ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara ya kasa gane kabarin mahaifinsa bayan damina biyu ya san zafin abin.

Ƙorafi na biyu shi ne fim kan gyara tarihi ya yi daɗin ji. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata mai kallon Far East Deep South ya riƙe shi. Zumuncin da ke tsakanin masu kanti Sinawa da abokan cinikinsu baƙar fata ya faru, amma ba shi kaɗai ya faru ba. Masanin zamantakewa James Loewen, a littafinsa na 1971 kan Sinawan Mississippi, ya nuna yadda al'ummar ta riƙa nisanta kanta da baƙar fata don samun karɓuwa wajen farare. Ko ƙarar da mahaifin Martha Lum ya shigar ba ta ƙalubalanci wariya kanta ba, ta nemi dai kada a lissafa 'yarsa cikin waɗanda ake warewa. Iyali na da haƙƙin tuna kakansu da ƙauna. Aikin takarda shi ne ta tsaya kusa da ƙaunar ta faɗi abin da ƙauna ba ta son faɗa. Shi ya sa fim ba zai maye gurbin ma'adana ba, kamar yadda ma'adana ba za ta kai labari ga zuciyar mutane yadda fim ke kaiwa ba.

Ƙorafi na uku na kuɗi ne: ƙasar da rayayyu ke jiran albashi da fansho, ina ta ga abin kashewa kan matattu? Amsar ita ce takardar da ke kare matacce ita ce ke kare rayayye. Ma'aikacin tarayya ya fi kowa sanin abin da harafi ɗaya ke jawowa. Sunan da aka rubuta Muhammad a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, yana iya tsayar da haƙƙin mutum wata da watanni, ya kuma bar gwauruwa da marayu suna zarya tsakanin ofisoshi da takardar rantsuwar kotu a hannu. Sakacin da ke ɓatar da fayil ɗin ɗan fansho da wanda ke ɓatar da sunan mamaci duk uwarsu ɗaya. Gyaransu ma ɗaya ne, kuma yawancinsa ba ya buƙatar sabon kasafi: a tambayi mutum yadda yake rubuta sunansa, a rubuta daidai, a sa kwanan wata, a ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ta ɓangarori biyu. Ta aika mutanenta waje: zangon Kumasi da na Accra cike suke da kaburburan fataken goro da zuriyarsu, garin Mai Wurno na Sudan kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. A 1969 gwamnatin Ghana ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Najeriya da yawa suka dawo suka bar gidaje da kaburburan iyaye. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora ga baƙin da ke cikinta, yawancinsu 'yan Ghana. Ta kuma karɓi baƙi: masana'antar saƙa ta United Nigerian Textiles da ta ciyar da dubban gidaje a Kaduna, attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ne ya kafa ta a 1964. Wata rana jikan wani daga cikin waɗannan mutane zai zo da kyamara yana tambaya, ko daga Kumasi, ko daga Omdurman, ko daga Hong Kong. Inda za a tura shi shi ne ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, mai manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. Abin da zai tarar a can ya dogara ne da abin da ma'aikatu ke miƙawa yau, da abin da suke bari ya ruɓe a buhu a ƙarƙashin matakala.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. Tarihin Sinawan Amurka ya nuna cewa baƙo kan daɗe har ya zama ƙasar wurin, a zahiri, domin a cikinta ake sa shi. Majalisar Dattawan Amurka a 2011 da ta Wakilai a 2012 sun zartar da ƙudurorin nuna nadama kan dokokin haramcin, shekara 130 bayan dokar 1882. Nadamar ta zo bayan kusan duk waɗanda aka zalunta sun mutu. Abin da ya rage da za a iya mayar wa zuriyarsu shi ne suna da labari, kuma ko wannan ɗin ya samu ne kawai a inda wani ya ajiye shaida.

Saboda haka akwai abubuwan da ke hannun masu karanta wannan shafi. Mataimakin ɗan majalisa na iya tambaya, lokacin kare kasafi, nawa aka ware wa adana takardu da mayar da su na kwamfuta, da kuma ko an saki kuɗin. Daraktan da ke shirin kwashe tsofaffin fayiloli don samar da ofis na iya kiran jami'an ma'adana kafin ya kira masu shara. Hukumomin da ke kula da maƙabartun babban birnin tarayya na iya tabbatar da cewa kowane kabari na da lamba a littafi, kuma duk aikin hanya ko rukunin gidaje da zai ratsa tsohon ƙauye an fara tambayar mazauna asali inda kakanninsu ke kwance, kafin katafila ta shiga. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a teburin karɓar baƙi, wanda mai neman takardar zama ko ɗan gudun hijira ke tsayawa a gabansa, shi kuma yana iya ɗaukar minti ɗaya ya rubuta sunan daidai. Jami'in da ya yi wa Sinawa tambayoyi a tsibirin Angel tsakanin 1910 da 1940 bai san jikokinsu za su karanta rubutunsa ba, ga shi suna karantawa, suna kuma yi masa hukunci da shi. Fayil ɗin da ke kan tebur a yau ma akwai mai karanta shi nan gaba.